Yadda Na Rabu da Kostar da Na Mayar Ɗakin Kwana

Mutumin farko da ya zo ganin motar ko kallon gadon bai yi ba. Ya leƙa ta ƙofa, ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya juyo ya ce, "Malam, ina kujerun?" Na ce masa suna gida a ajiye. Ya ce to in mayar da su tukuna, sai a yi magana. A ranar haushinsa na ji. Daga baya na gane shi ne ya fi kowa gaya mini gaskiyar kasuwar, kuma da na saurare shi tun farko da ban ɓata wata biyu ina jiran farashin da ba zai zo ba.

Motar Toyota Coaster ce, wadda muke kira Kosta, doguwar, mai kujera 30, ƙirar 2004. Tsawonta ya kusa mita 7, faɗinta mita 2 da ɗan ɗoriya, tayoyi 6 saboda na baya biyu-biyu ne. Injinta 1HZ ne, mai silinda 6 a jere, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta, irin wanda ke cikin tsofaffin Land Cruiser na daji. Ba ya gudu, kuma a hawa sai ka yi haƙuri da shi, amma duk garin da ka shiga a Arewa akwai bakaniken da ya san shi ciki da waje. Lantarkinta bolt 24 ne, batir biyu a haɗe, tankinta kuma yana cin lita 95 na gas, wato dizal. Na saye ta a 2018 daga hannun wata makaranta da ta gama moriyarta, na yi mata aikin a 2019.

Kujera huɗu kawai na bari a gaba. A can baya aka kafa gado na ƙarfe mai tsawon ƙafa shida, ƙarƙashinsa ma'ajiya da tankin ruwa mai lita 150. Gefe guda benci ne da ake buɗewa ya zama gadon yara, ɗaya gefen kanta ce mai murhun gas da wurin wanke-wanke da ƙaramin firji. A rufi faifan sola biyu, kowanne wat 300, suna cajin batir biyu masu amfiya 200, da inbata. Tagogi duk da ragar sauro da labule, a waje kuma rumfar tamfol da ake warewa. Ban sa banɗaki na dindindin ba, sai ɗan lungu mai labule da bokitin da ake fitarwa, don duk wanda ya taɓa ajiye ruwan ƙazanta a cikin mota a zafin watan Afrilu ba ya ƙarawa. Da ita aka je Yankari aka kwana kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, aka je Jos, aka hau Mambila ta Serti da Mayo Selbe har Gembu.

Dalilin sayarwa ba mai tsawo ba ne. A farkon 2022 litar gas tana wajen naira 300 da wani abu, kafin shekarar ta raba ta haura 700, a ƙarshen 2023 ta wuce 1,000. Kosta mai kaya tana yin kilomita 6 zuwa 7 a lita guda, don haka zuwa Yankari daga Kano da dawowa, kilomita 800 da ɗoriya, sai an ƙona kusan lita 130. Ga hanyoyi da dama da yanzu ba mai hankalin da zai kwana a gefensu. Ga kuma iyakar Nijar da aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sai motar ta zauna a ƙarƙashin darbejiya wata 14.

Zama ya fi tafiya kashe motar dizal, kuma wanda zai sayar da wadda ta daɗe a kafe ya fara daga nan. Tankin da aka bari rabi yana tara raɓa a cikinsa, ruwan ya kwanta a ƙasa, wani baƙin kitse mai yauƙi ya tsiro tsakanin ruwan da man. Idan aka tayar da inji a haka, dattin zai toshe filta, in an yi rashin sa'a ruwan ya kai famfon injekta, wanda gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don haka kafin mu murɗa makulli sai da muka kwance tankin, aka zubar da abin da ke ciki, aka wanke, aka sa sabuwar filtar mai, aka tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta, aka danna ɗan famfon hannu da ke kanta har iska ta fita. Aka yi juye, baƙin mai kusan lita 10 da filtarsa. Batiran tashi biyu sun mutu, kuma a mota mai bolt 24 ba a canja ɗaya a bar ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni. Birkin hannu ya kama saboda na bar shi a ɗaure, kuskuren da ɗan dutse a gaban taya zai hana. Ɓeraye kuma sun yi sheƙa a gidan filtar iska, sun ci wayoyin fitilun baya.

Tayoyin su ne suka fi ruɗina. Haƙoransu lafiya lau, amma gefensu duk ya tsattsage. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Nawa 2317 ne, wato mako na 23 a 2017. Taya mai shekara 7 da ta sha ranar Kano ba a ɗora mata tan biyar a hau titi da rana tsaka. Ban saya sababbi ba, domin kuɗin taya 6 ba zai dawo a ciniki ba. Na bar su, na faɗa wa kowane mai saye, na kuma rage kuɗinsu daga farashi. Abin da na koya shi ne a gyara duk abin da zai hana mota tashi, tafiya da tsayawa, sauran a faɗa da baki a rage.

Masu saye da suka san abin da suke yi da sassafe suke zuwa, kuma kafin su gaisa da kai sosai sai su ɗaga murfin injin da ke tsakanin kujerun gaba su ɗora hannu. Idan da ɗumi, sun san ka tayar da ita kafin su iso, kuma daga nan ba za su ƙara yarda da maganarka ba. Injin dizal da ya gaji a tashin farko yake tona asirin kansa. Saboda haka nake gaya wa duk mai zuwa cewa ba zan taɓa ta ba sai ya iso. A murɗa makulli, a jira fitilar hita, mai ɗumama inji kafin tashi, ta mutu, a tayar. Ɗan farin hayaƙi na daƙiƙa kaɗan da sanyin safiya ba komai ba ne. Farin da ya ƙi tsayawa kuma yana warin ɗanyen gas, nozul ne ko hita ko ƙarfin matsi ya ragu. Fari mai kama da tururi, ruwa na raguwa a lagireto, a zargi gasket ko tsagewar kan inji. Shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa. Baƙi idan an taka totur yawanci filtar iska ce ta toshe ko an buɗe famfo ya wuce kima, abin da wasu direbobi ke sawa a yi musu wai don mota ta ƙara ƙarfi, su ƙare da dafa inji.

Sai gwajin murfi. Inji na aiki a sulo, a kwance murfin da ake zuba baƙin mai a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an ɗaure ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, lafiya. In iska ta tunkuɗe shi, hayaƙi na fita kamar bakin tukunya, ringi sun cinye. Nawa ya zauna. Duk da haka na biya aka auna matsin kowace silinda da agogo, aka rubuta a takarda. Sabon 1HZ yana ba da wajen kilo 37 a kan murabba'in santimita, ƙasa da 27 kuma an shiga batun sauke inji, sannan bai kamata bambanci tsakanin silinda da silinda ya wuce 5 ba. Nawa duk suna tsakanin 31 da 33. Wannan 'yar takarda ta fi sola da firji da gado amfani a wajen ciniki, domin ita kaɗai ce ba a yi mini gardama a kanta ba.

Tambaya ta biyu ta masani ita ce bel ɗin tayimin. A wannan inji roba ne, ana canja shi duk kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke a kan tafiya fistin na haɗuwa da bawul, aikin ya zama babba. Akwai fitilar da ke kamawa a gaban direba idan lokaci ya yi, amma kowa ya san ana kashe ta ba tare da an canja komai ba, don haka ba wanda ke yarda da ita. Ni na canja nawa a kilomita 290,000 tare da abin da ke ɗaure shi, motar kuma tana 312,000 lokacin sayarwa, ga rasit, ga tsohon bel ɗin a leda. Ku riƙa ajiye rasit. Ban san darajar wannan ɗabi'a ba sai da na ga yadda fuskar mutum ke sakewa idan ka miƙa masa fayil.

Inda na sha kunya shi ne rufi. Lokacin ɗora sola an huda rami 16, aka ɗaura noti, aka shafe da silikon irin na kwanon wanka. Silikon ba ya jure rana da jijjiga a jikin ƙarfe mai fenti, bayan damina biyu sai ya saki. Ruwa ya riƙa bi ta ramukan yana shiga tsakanin rufi da filawud ɗin da aka lulluɓe ciki da shi, soson da aka cusa don tare zafi ya riƙe shi, ba wanda ya gani. Ina share motar don ɗaukar hoto na ga kusurwar baya ta hagu ta ɗan kumbura. Na danna da yatsa, yatsan ya shige. Da muka ɓalle allon, sai ga tsatsa ta ci ƙarfen da ke riƙe rufin wajen taƙi biyu, ta gangara har ƙasan tagar ƙarshe.

Fanal bita ya dube ni ya ce, "Oga, a sa fila a fesa fenti, wallahi ba mai gani." Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangaren, domin mai saye na yau da kullum ba zai gani ba, sai wanda ya zo da mayen ƙarfe yana mannawa a jiki, inda ya ƙi kamawa ya san fila ce. Amma aibin da ka sani ka ɓoye a ciniki ba sai an yi maka wa'azi a kansa ba. Aka yanke ruɓaɓɓen, aka yi waldar sabon ƙarfe, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka sake toshe ramukan 16 da gam ɗin da ake kafa gilashin mota da shi, wanda yake miƙewa ba ya tsagewa. Na ɗauki hoton wurin kafin aiki, ana cikin aiki, da bayan an gama. Sannan muka gwada da tiyo, mutum ɗaya a sama yana feshi minti 20, ni ina ciki da tocila. Wanda zai sayi irin wannan mota ya duba wurare huɗu ko da mai ita bai nuna masa ba: ƙasan tagogi, matakalar ƙofa, bakin tayoyin baya, da ƙarƙashin ledar ƙasa kusa da tankin ruwa.

Lantarkin ɗaki ma sai da na gyara abin da na daɗe ina kawar da kai a kansa. Mai wayarin farko ya ɗauko wutar bolt 12 ta rediyo da fanka daga batir ɗaya cikin biyun tashi. Haka na sa ɗaya ya riƙa ƙarewa, ɗayan yana shan caji fiye da kima, kuma shi ne dalilin da batirai ba sa yi mini shekara biyu. Maganinsa ƙaramar na'ura ce da ke sauke 24 zuwa 12. Na sa ta, na raba wutar ɗaki da ta inji kwata-kwata, na sa fis a bakin kowane batir, na zana taswirar wayoyin a kwali na manna a cikin ƙofar ma'ajiya. Batiran sola masu ruwa ne, kowanne ya kusa kilo 60, suna fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, shi ya sa akwatinsu ke da bututun da ya fita waje. Tukunyar gas ɗin girki mai kilo 12.5 tana cikin nata akwatin da aka huda ƙasansa, domin gas ɗin ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Na canja tiyon, na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a gaban mai saye, kumfa bai tashi ba.

Mutane na ɗauka cire kujeru 26 ya sa mota ta yi sauƙi. Ba haka abin yake ba idan aka lissafa abin da ya maye gurbinsu. Ruwa lita 150 kilo 150 ne. Batirai 120. Kowane fallen filawud mai kauri ya kusa kilo 30, kuma mun ci fiye da goma. Ga ƙarfen gado, ga firji, ga kayan abinci. Jimillar ba ta kai nauyin fasinja 30 ba, amma matsalar ita ce inda aka jibge ta: tanki da batirai duk suna bayan tayoyin baya, kuma gefe guda. Sifirin na hagu ya kwanta, motar ta ɗan karkace, wanda ya tsaya a bayanta zai gani. Na mayar da batiran tsakiya, aka ƙara ganye ɗaya a kowane gefe. Da zan sake irin wannan aiki, tankin ruwa tsakanin tayoyin gaba da na baya zan kafa shi.

Takardu kuwa, ba su da daɗin bayani amma su ke kashe ciniki a minti na ƙarshe. Dole lambar shasi da lambar inji da ke jikin ƙarfe su yi daidai da na takarda, harafi da harafi. Na kankare wurin da buroshin ƙarfe tun kafin kowa ya zo, don kada a tsaya ana laluben lamba cikin maiƙo. Na haɗa takardar kwastan ta asali, da shaidar mallaka, da takardar cinikin da makarantar ta ba ni, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta bi'ai'o, da inshora. Biyu sun ƙare tun tana kafe, na sabunta su, domin ba a fita gwaji a titi da matattun takardu. Na kuma goge sunan makarantar da ya rage a jikinta da fenti. Abu guda da nake gaya wa kowa shi ne cewa motar da aka rufe tagoginta da labule tana jawo ido a shingen bincike. Za a tsayar da kai, za a ce ka buɗe, kuma gara ka buɗe da fara'a ka nuna har ƙarƙashin gado.

Sai farashi, inda na yi babban kuskurena. Na ɗauki kuɗin da ake sayar da Kosta irin tawa, na ɗora duk abin da na kashe a aikin ɗaki, na ce shi ne kuɗinta. Wata biyu ana kira ana yabawa, ba wanda ya taya. Dalili shi ne masu neman Kosta a ƙasar nan kusan dukkansu kujeru suke so: makarantu, kamfanoni masu jigilar ma'aikata, masu haya zuwa biki, 'yan siyasa idan zaɓe ya matso. A idonsu gado da kanta ba ƙari ba ne, aiki ne da za su biya a ɓaɓɓake, ga ramukan da za a toshe a ƙasa da rufi. Har ragi suke nema a kansu. A Turai da Amurka da Ostareliya akwai kasuwa ta musamman ta irin waɗannan motoci, a nan kuwa sai dai ka yi dace da mutum ɗaya da bukatarsa ta zo daidai da abin da ka gina.

Abin da ya cece ni shi ne ban sayar da kujerun ba. Da yawa suna kai su kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ranar da suka cire, su karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, ran sayar da mota kuma su nemi saiti guda su ji kuɗin da zai sa su zauna. Nawa suna ɗaki an lulluɓe, da notinansu a gwangwani, kuma lokacin shimfiɗa ƙasa ban bari an toshe ramukan da ake ɗaure su ba. Don haka na sake tallar da farashi biyu. Na farko, mota da kujerunta 30, in kwashe sola da firji da batirai in sayar daban, domin waɗannan suna da kasuwarsu a kowace unguwa. Na biyu, mota yadda take da ɗakinta, kujeru kuma a bi da su kyauta. Tsakanin farashin biyu ban sa fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aikin ɗakin ya ci ba.

Na sa ta a shafin saye da sayarwa na Jiji da kuma Facebook, na kuma ba dillalai biyu, da sharaɗin la'ada kashi 5 cikin 100 ga wanda ya kawo mai saye, ba ƙari a kan farashina. Wannan sharaɗi a faɗe shi a gaban shaida, in ba haka ba za ka ji motarka na yawo a gari da kuɗin da kai ma ba ka sani ba. Hoto 24 na sa, har da na ƙarƙashi da na wurin da aka yi walda, da bidiyon tashin safe ba yankewa daga ɗora hannu a inji har hayaƙi ya washe. Na rufe lambar motar a hoto. Cikin mako guda wani ya kwashi hotunan ya buɗe tasa tallar da rabin kuɗi yana karɓar kafin alƙalami a hannun mutane, sai wani da ya gane bishiyar ƙofar gidanmu ya kira ni. Wani kuma ya turo hoton alat, ya ce direbansa na hanya. Na buɗe manhajar banki, ba ko sisi. Saƙon waya ba kuɗi ba ne, sai ka ga lambar ta canja a asusunka da idonka.

Wanda ya saya ɗan kwangilar haƙa rijiyar burtsatse ne. Yaransa kan yi mako biyu a ƙauye suna kwana a ƙarƙashin babbar mota, kuma ya gaji da biyan kuɗin maganin zazzaɓi. Ya zo bayan asuba da bakanikensa, wani dattijo da bai yi magana ba sai da ya shafe minti 40 a ƙarƙashin motar da tocila. Muka fita gwaji ni ina gefe, muka bi hanyar Zariya, aka kai ta 90, aka saki sitiyari kaɗan a ga ko tana ja gefe, aka taka birki da ƙarfi, aka tsaya aka taɓa kowace taya a ji wadda ta fi zafi. Dattijon ya sa ta a giya ta huɗu tana tsaye, ya saki kuloci a hankali, inji ya mutu nan take, ya gyaɗa kai. Da kulocin ya cinye da injin ya ci gaba da aiki. Allurar zafi ba ta wuce rabi ba.

Da muka dawo na miƙa masa fayil da hotunan rufi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ai da ba ka nuna ba, ba za mu gani ba."

Na ce, "Alhaji, damina za ta nuna muku, gara ku ji daga bakina."

Dattijon ya ce, "Injin lafiya lau, ranka ya daɗe. Taya ce babu, shokozoba na baya kuma sun tafi."

Alhaji ya taya. Na ce albarka. Ya ce firji da rumfa ba su dame shi ba, gado da ruwa da wuta yake so. Na ce to in cire firjin in rage masa kuɗinsa. Muka yi ta ja har aka kira azahar, muka je muka dawo, ya ƙara, na sauko, na sallama. Abin da na samu kuɗin Kosta ne mai kujeru, da ɗan abin da bai kai rubu'in kuɗin aikin ɗaki ba. Firjin yana gidana har yanzu.

Washegari muka haɗu a banki, aka tura kuɗin muna tsaye, na ga sun shiga. Aka rubuta yarjejeniya kwafi biyu, da lambar shasi da ta inji da ta mota, da kilomitan da ke agogo, da kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli, domin duk abin da ya faru da motar bayan wannan lokaci ba ya wuyana. Aka jera abin da aka bi da shi, aka kuma rubuta aibobin da na faɗa, taya da shokozoba da waldar rufi, shaidu biyu-biyu suka sa hannu. Na riƙe kwafin kowace takarda, muka sa mako biyu ya kammala canjin mallaka zuwa sunansa, kuma ban daina kiransa ba sai da ya turo mini hoton sabuwar takardar.

Kafin su tafi na shafe awa guda da yaron da zai riƙa tuƙa ta. Na nuna masa makunnin da ke raba batiran ɗaki da na inji, da inda ake tsiyaye ruwan filta duk mako, da yadda ake rufe gas daga kan tukunya kafin a tashi. Na ce masa a gangara mai tsawo ya sauka giya ta biyu ya ja birkin salansa, kada ya kwanta a kan feda har birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, kuma in za ta kwana biyu ba aiki ya cika tanki, ya saki birkin hannu, ya sa dutse. Kujerun 26 ba su shiga ciki ba saboda gadon, sai da aka kira a-kori-kura ta bi su da su a baya.